Ford ya ƙera mota, amma wa ya kai ta ƙauye?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ɗana na biyu da ke CEG ya zauna tsakar gida bayan sallar isha yana haddar darasin tarihi a kan juyin masana'antu. Ina jin sa daga inda nake gyaran kayen ɗalibai, yana ta maimaitawa: Henry Ford, garin Detroit, shekarar 1913, aikin sarƙa, motar da a da take cin awa 12 da rabi kafin a harhaɗa ta, ta koma minti 93. Ya haddace tsaf, ba tuntuɓe. Sai na ce masa, "To, motar ta fito daga masana'anta. Manomin da yake can nisan kilomita dubu biyu, bai taɓa riƙe sitiyari ba, garinsu ba gidan mai ba makanike, yaya aka yi ta shiga hannunsa?" Ya buɗe kaye, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Baba, wannan ba a ba mu ba."

Gaskiyarsa. Ni ma ba a ba ni ba, ko a lise ko a makarantar horon malamai. An koya mana yadda ake ƙera abu, aka tsaya a bakin ƙofar masana'anta. Da hutu ya zo na nemi abin da zan karanta a kan wannan rabin da aka yanke, kuma abin da na samu ya dame ni fiye da yadda na zata, domin na riƙa ganin makarantunmu a cikinsa. Ra'ayina shi ne wannan rabin ya fi wancan amfani ga yaron Maraɗi ko na Tawa, kuma mu manya, malamai da iyaye, mun fi yaran bukatar sa.

Tukuna mu daidaita kalmomi. In na ce dala a nan, dalar Amurka nake nufi, kada wani ya lissafa da dalarmu ta sefa biyar ya ce motar Ford ta fi buhun hatsi araha. Sannan mutumin da zan yi magana a kansa ba dillali ba ne irin na kasuwar dabbobi. Dillalinmu kayan ba nasa ba ne. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada, in saniya ta kwana ba a saya ba asarar mai ita ce. Wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira dila, shi da kuɗinsa yake sayen motar daga kamfani, ta zama tasa, sannan ya nemi mai saye. In ta yi kwantai, a kansa ta yi. (Cewa sunansa ya zo ɗaya da na dila malamin daji, wannan tsautsayin harshe ne, ko da yake wasu da suka taɓa sayen mota za su ce ba tsautsayi ba ne.)

Tun farkon fari ma masu ƙera mota sun gane ba za su iya su kaɗai ba. Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus a 1886, amma mutanen ƙasarsa ba su yi rububinta ba. Wani Bafaranshe, Émile Roger, shi ya fara sayar da motocin Benz a Paris daga 1888, kuma a shekarun farko Faransa ta zama babbar kasuwar Benz. A Amurka, Alexander Winton ya sayar da motarsa a 1898 ga wani mutumin jihar Pennsylvania da ya ga talla a mujalla. Nan take matsala ta taso: in aka tuƙa sabuwar mota ɗaruruwan kilomita a kan hanyar laka don a kai wa mai ita, kafin ta isa ta zama tsohuwa. Winton sai da ya ƙera wata motar ta ɗaukar mota. Kakar manyan tirelolin da muke gani ɗauke da motoci daga tashar jirgin ruwa ke nan.

Su waye dilolin farko? Nan ne na fara jin daɗin labarin. Masu sayar da keke ne da masu gyaransa, da maƙera, da masu sayar da keken doki, da masu shagon garma da kayan noma. William Metzger, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka fara buɗe shagon sayar da mota a Detroit a ƙarshen shekarun 1890, ɗan kasuwar kekuna ne. Stephen Tenvoorde na garin St. Cloud a jihar Minnesota, wanda ya karɓi wakilcin Ford a 1903, shi ma daga keke ya fito, kuma zuri'arsa ta riƙe sana'ar fiye da shekara ɗari. Mutane ne da garinsu ya riga ya san su, hannunsu ya saba da sufana, kuma in sun ce abu zai yi aiki ana yarda, domin gobe za a same su a shago. Kamfanin da ke Detroit ba shi da wannan, kuma ba a sayen sa da talla.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan tsarin, kuma ita ce ba a faɗa a aji. An kafa kamfanin Ford a watan Yuni na 1903 da tsabar kuɗi dala 28,000 kacal. Kafin a sayar da motar farko a watan Yuli ga wani likitan haƙori na Chicago a kan dala 850, abin da ya rage a asusun kamfanin dala 223 ne da ƴan kai. Da wannan jari ba a gina daular masana'antu. Dabarar da suka yi, su da sauran masu ƙera mota na lokacin, ita ce su ci da kuɗin mutane ta gaba da ta baya. Ta baya, masu kawo kayan haɗi, irin su ƴan'uwan nan biyu Dodge da ke ƙera wa Ford inji, sukan ba da kaya a biya su daga baya. Ta gaba kuma, dila zai ba da kafin alƙalami tun yana yin oda, sannan ya cika sauran kuɗi hannu ranar da mota ta iso. James Couzens, wanda ya riƙe lissafin kamfanin Ford a shekarunsa na farko, bai yi wasa da wannan ba. Ana loda mota a taragon jirgin ƙasa, sai a aika takardar kayan zuwa bankin garin da dila yake, haɗe da takardar neman biya. Dila ya je banki ya zube kuɗi, a miƙa masa takarda, ya kai tasha, sannan a buɗe masa tarago. Ba kuɗi, ba mota. Ta haka kuɗin motar yakan shigo aljihun kamfani tun lokacin biyan masu kayan haɗi bai yi ba.

Ku lura da wanda ya ɗauki kasadar. Mutane a Amurka sun fi sayen mota in sanyi ya wuce, hanyoyi sun bushe. Masana'anta kuwa ba ta son tsayawa, ko da rani ko da hunturu. Motocin da aka ƙera cikin sanyi, dila ne ke karɓa ya biya, ya ajiye a rumbunsa wata da watanni, yana biyan ruwan bashin banki, yana jiran bazara. Littafin tarihi ya ce Ford ya sa mota ta yi araha, kuma haka ne: Model T ta fito a 1908 a kan dala 850, wajen 1925 mafi arahar cikinta ta sauko dala 260, kuma an ƙera sama da miliyan 15 kafin a dakatar da ita a 1927. Amma sarƙar nan da ɗana ya haddace ba ta da amfani in motoci za su taru a bakin ƙofa. Sai da aka sami diloli kusan dubu bakwai wajen 1913, a birane da ƙananan garuruwa, suna kwashewa kullum da kuɗinsu, sannan sarƙar ta iya gudu ba tsayawa.

Kai motar ma aiki ne mai zaman kansa. A 1901 kamfanin Olds ya tura wani saurayi, Roy Chapin, ya tuƙa ƙaramar motarsu daga Detroit zuwa baje kolin New York. Ya shafe fiye da mako yana fama da laka da fashewar taya, wani wuri ma sai da ya bi gefen magudanar jiragen ruwa inda alfadarai ke bi. Da ya isa, motar ta burge wani dila har ya yi odar dubu. To amma dubun nan ba a kan hanya za su je ba, jirgin ƙasa ne zai kai su. Mota kuma in an gama harhaɗa ta, yawancinta iska ce. Ƴan kaɗan ke cika tarago. Don haka ake cire tayoyi da rumfa da marfin tayoyi, a jingina gangar jikin a karkace, a cusa. In tarago ya iso, dila da yaransa su za su sauke, su ɗaura abin da aka cire, su zuba mai da ruwa, su tayar, su gwada. Daga baya Ford ya ga ya fi masa sauƙi ya aika kayan a warwatse, ya buɗe gidajen harhaɗawa a manyan garuruwa, farawa da Kansas City, har da Manchester ta Ingila a 1911. Tarago ɗaya na kayan warwatse yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da zai ɗauka na haɗaɗɗun motoci. Wani wayo kuma: mai saye ana cajin sa kuɗin dakon cikakkiyar mota tun daga Detroit, ko da a bayan gidansa aka harhaɗa ta. Rarar ta kamfani ce.

Yanzu mota ta iso gari. Mai sayen manomi ne da ya tashi da doki. Model T ba irin tuƙinmu na yau ba ce: abin takawa uku ne a ƙasa, ɗaya na giya, ɗaya na komawa baya, ɗaya na birki, totur kuma yana jikin sitiyari ana ja da hannu. Tayar da ita sai an murɗa ƙarfe a gaba, in aka yi kuskure ya dawo ya karya wa mutum hannu. Ba makarantar koyon tuƙi a ƙauye. Dila ne zai zauna gefen manomin, su fita bayan gari, yau da gobe, har hannunsa ya faɗa. Shi zai nuna masa yadda ake goge buji da yadda ake liƙe taya. In ta mutu a gona bayan wata uku, wurinsa za a zo. Kamfanin Ford ya sharɗanta wa dilolinsa su ajiye kayan gyara kuma su kasance da garejin gyara, yana kuma turo masu zagaye su duba shago da littattafan lissafi. Manomin da ya san in wani ƙarfe ya karye zai sami irinsa a garinsu yau, ba sai ya jira wata guda ba, shi ne ya yarda ya fitar da kuɗin amfanin gonarsa.

Akwai waɗanda suka gwada tsallake dila. Kamfanin Sears na Chicago, wanda ya shahara da sayar da komai ta hanyar kundin talla da gidan waya, ya sayar da mota ta wannan hanya daga wajen 1908 zuwa 1912, a kan abin da bai kai dala 400 ba. Ka aika kuɗi, a aiko maka da ita cikin akwatin katako zuwa tashar jirgin ƙasa mafi kusa, da takardar bayani. Kai za ka fasa akwati, ka ɗaura tayoyi, ka karanta, ka koya wa kanka. Motoci wajen 3,500 suka sayar, suka yi asara, suka bari. Adalci ne in faɗa cewa motar tasu ma tsohon yayi ce, mai dogayen ƙafafu kamar keken doki, Model T ta riga ta wuce ta. Amma sun sake gwadawa a 1952 da wata motar, a cikin shagunansu, abin bai kai shekara biyu ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba sa karɓar tsohuwar motar mutum su ba shi sabuwa ya yi ciko, abin da dila ke yi kullum, ya kuma san inda zai kai tsohuwar.

Da na karanta labarin akwatin Sears, sai na ajiye littafin, domin na san akwatin. Yana ofishin daraktanmu.

Shekarun baya wata ƙungiya, ba zan ambaci sunanta ba don niyyarta mai kyau ce, ta kawo wa makarantar da nake koyarwa kwamfutoci na hannu da faifan hasken rana da batura. An yi biki, an yi jawabi, an ɗauki hoto, mu malamai aka ba mu horo na yini biyu. Wata na farko yara har rigima suke yi a kan layi. Kafin shekara ta zagayo, akwatin da ke daidaita wuta tsakanin faifai da batura ya ƙone. Abu ne da bai fi tafin hannu biyu ba. Ba wanda ya san inda ake sayar da irinsa, lambar wayar da aka bar mana ta daina shiga, aikin ƙungiyar ya ƙare, ma'aikatanta sun watse. Akwai wani yaro a kasuwa mai gyaran wayoyi da sola, na tabbata da an nuna masa tun farko da ya iya, amma darakta ya ji tsoron a taɓa kayan da ya sa hannu ya karɓa, kada gobe a tambaye shi. Aka mayar da komai cikin kwali. Duk wanda ke karanta wannan ya san irin wannan kwali: famfon da ya tsaya saboda roba ɗaya, injin buga takardu da ba a samun tawadarsa a duk jihar, tebura masu ƙafar ƙarfe da ba a tanadi ko kuɗin walda ba. Mun iya karɓa, masu bayarwa sun iya bayarwa, amma tsakaninmu ba a ajiye kowa ba.

Wannan darasi har ƙasarmu ya taɓa ratsawa da ƙafafunsa. André Citroën, wanda ya fara ƙera mota a Faransa a 1919 yana koyi da Ford, ya shimfiɗa wakilai a faɗin ƙasarsa, ya buga kundin kayan gyara da tsayayyen farashin kowane gyara don kada a cuci mai mota. A ƙarshen Oktoba na 1924 ya tura motoci takwas masu sarƙa a ƙafafun baya daga Colomb-Béchar ta Aljeriya su ratsa Afirka. Sun biyo ta Yamai, suka yada zango a Tasawa, suka shiga Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka, suka wuce tafkin Cadi. Tafiyar talla ce da nuna ƙarfin mulkin mallaka, ba na yi mata kwalliya. Abin da ya ja hankalina shi ne tun watanni kafin motocin su tashi an riga an tura mutane sun jibge mai da tayoyi da kayan gyara a zango-zango, kuma kowace mota da makanikenta a ciki. Mai motar ya san ko tasa, sabuwa fil, ba za ta ƙetare ƙasar nan ba sai da wanda zai gyara da abin da zai gyara da shi. Shekara ɗari bayan haka ana kawo mana na'ura a ajiye a tafi.

Kada a ɗauka ina cewa tsarin dila aljanna ne. Yana da mummunar fuska, kuma ita ma na gane ta. A 1919 Henry Ford ya ci bashi mai yawa ya sayi hannun jarin abokan kafa kamfaninsa don ya zama shi kaɗai ke da magana. Sai kasuwa ta faɗi a 1920. Farkon 1921 ana bin sa wajen dala miliyan 58, bankunan New York sun zuba ido suna jiran ya zo da ƙoƙon bara su sa masa sharaɗi. Bai je ba. Ya harhaɗa kayan da suka taru masa, ya loda dubun-dubatar motoci ya aika wa diloli, motocin da ba su yi oda ba, cikin tsananin sanyi da rashin ciniki, da sharaɗin nan na kullum: biya kuɗi hannu, ko a ƙwace wakilci a ba wani. Kowane dila ya ruga bankin garinsu ya ci bashi. Ford ya biya nasa bashin, jaridu suka yaba da basirarsa. Bashin bai ɓace ba, rarraba shi aka yi a kan dubban ƙananan mutane, wasunsu suka karye. A shekarun da suka biyo baya an riƙa tura musu taraktoci ko a inda ba a noma, da gawayin da kamfanin ke yi da ragowar katako, har da jaridar Ford mai cike da ƙiyayyar Yahudawa, a ce su nemo mata masu saye. Sai a 1956 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba dila damar kai kamfani kotu in ya zalunce shi.

Abokan aikina malamai, ba sai na fassara muku ba. Sau nawa aka sauko mana da sabon tsarin koyarwa daga sama, tarago guda, ba mu yi oda ba, ba a tambaye mu ko ajinmu mai yara tamanin a rumfar zana zai ɗauka ba? Littafin jagora bai iso ba, horo na kwana uku ne, wanda ya horar da mu shi ma kwana biyar ya samu. In abin ya yi kyau a rahoto, yabo na masu tsarawa ne. In yara suka faɗi jarrabawa, malam ne bai iya ba. Iyaye kuma mu suke gani, kamar yadda manomi bai san Detroit ba, dila ya sani.

Abokin hamayyar Ford ya bi wata hanya. Alfred Sloan na General Motors ya zagaya a 1924 ya ga filayen diloli maƙare da motocin da ba a saya ba, alhali alƙaluman ofis suna cewa komai lafiya, domin ofis yana ƙirga abin da ya tura ne. Ya sa aka rage ƙira nan take, ya kuma kafa ƙa'ida: duk kwana goma diloli su aiko da adadin abin da mutane suka saya da gaske da abin da ya rage a ƙasa, a kan wannan za a tsara aikin masana'anta. Shi da kansa ya riƙa yawo a taragon jirgi gari-gari, yana zama da diloli a shagonsu yana rubuta kokensu. Ba tausayi ne ya sa shi ba, lissafi ne. Tun 1919 kamfaninsa ya kafa reshen ba da bashi, dila ya sami kuɗin ajiye kaya, mai saye ya karɓi mota ya riƙa biya wata-wata. Ford ya ƙi bashi. A 1923 ya fito da nasa tsarin, ka riƙa zuba dala biyar duk mako, sai ka cika sannan a ba ka mota, kamar asusu. Mafi yawan waɗanda suka shiga ba su kai ƙarshe ba. A 1927, shekarar da Ford ya rufe masana'anta don sauya samfuri, Chevrolet ta General Motors ta wuce shi a ciniki.

Mu ma ana karɓar rahoto daga gare mu, har ya yi yawa. Amma me ake ƙirgawa? Littattafai nawa aka raba, malamai nawa aka horar, yara nawa aka rubuta. Wannan ƙirgen abin da aka tura ne. Yaro nawa ne a CM2 zai karanta sakin layi ya faɗi abin da ya fahimta, wannan malamin aji ya sani tun watan Nuwamba, kuma da wuya a tambaye shi. Tarukanmu na CAPED da an ɗauke su da gaske, hanya ce da magana za ta riƙa hawa sama, ba sauka kaɗai ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma wani abokina ya riga ya faɗa. Na farko, dila yana ƙara wa kaya tsada, kuma shi ma yana cuta. A Amurka ta yau mutane da yawa sun tsani ciniki da dilolin mota, kamfanin Tesla ma kai tsaye yake sayarwa, yana ta shari'a da jihohin da dokarsu ta hana. Na yarda. Amma Tesla bai jefar da aikin dila ba, ɗauka ya yi ya ɗora wa kansa: shi ke buɗe wuraren gyara, shi ke kafa wuraren cajin batir. Ana iya sauya mai yin aikin, aikin dai yana nan, kuma wani zai biya kuɗinsa. Na biyu, yaro ba mota ba ne, makaranta ba kasuwa ba ce, malami ba riba yake nema ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa lamarinmu ya fi tsanani. Dila in an matsa masa yana iya ajiye wakilcin Ford ya karɓi na Chevrolet, da yawa sun yi hakan. Manomi in mota ba ta yi masa ba ya sayi wata. Yarinyar da ke CE1 a ƙauye ba ta da wata makarantar, kuma shekarar da ta ɓata ba a yin musayarta da ciko.

Ga iyaye kuma ina da magana, har da ni a ciki. Yaron da ya ƙi boko muka kai shi gareji, muna faɗa da murya ƙasa-ƙasa kamar an yi mana rasuwa. Alhali duk motar da ke yawo a ƙasar nan, yawancinsu na hannu ne da suka gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su sauka Kwatano ko Lome, ba kamfanin da ya ƙera su ne ke riƙe da su ba. Makanikai ne da masu sayar da kayan gyara da masu walda, waɗanda suka koya a tsaye, ba kundi ba garanti. Su ne suka cike gurbin da Ford ya tilasta wa dilolinsa su cike. Abin da ya rage musu shi ne abin da mu za mu iya ba su: karatu da lissafi. Metzger da Tenvoorde masu gyaran keke ne da suka iya karanta yarjejeniya, suka iya riƙe littafin shiga da fita, suka iya zama da ma'aikacin banki. Yaron garejin da ya bar makaranta bai iya karanta lambar kayan gyara ba, zai ƙare yana yi wa wani aiki. Don haka in yaro zai tafi gareji, ni dai ina roƙo ya tafi bayan ya iya karatu da rubutu da lissafi sosai, kuma mu malamai mu daina yi masa kallon wanda ya faɗi.

An ce wata ƙungiyar za ta kawo mana kaya bana, har da famfo mai aiki da hasken rana. Na roƙi shugaban COGES ɗinmu, dattijo ne mai sayar da hatsi wanda ya fi ni sanin ciniki nesa ba kusa ba, cewa kafin a sa hannu a yi musu tambaya uku a gaban iyaye: wa zai gyara a nan garin, da sunansa, ina ake sayar da abin da ya fi saurin lalacewa, kuma nawa ne, sannan wa zai biya, daga wace aljihu, bayan sun tafi. Na kuma ce a gayyato yaron nan mai gyaran sola ya zauna a taron, a horar da shi tare da mu, a rubuta a takarda cewa an yarda ya buɗe kayan. Dattijon ya yi shiru, ya ce, "Malam, in muka yi tambaya da yawa kada su kai wa wani gari." Na ce mai yiwuwa ne. Ya ce zai yi shawara da sauran iyaye kafin ranar kasuwa.